Biskit ɗin kare da ya yi funfuna cikin kwana huɗu, da yadda aka gyara shi

Wani gida ne a bayan garin Kaduna, cikin sababbin unguwannin nan da kowa ke tsare kansa da dare. Suna da kare ɗaya na gadi, ɗan ƙasa, namiji, mai wata 14 da haihuwa, nauyinsa kilo 20. Abincinsa ragowar tuwo ne da shinkafa, sai ɗan abin da aka samo wajen mahauta. Lafiyarsa ƙalau, amma ba ya jin kira, ba ya shiga kejinsa da safe sai an yi ta fama, ga kuma lokacin allurar rigakafin haukan kare ya ƙarato, ma'aikacin dabbobi ya ce ba zai kusance shi ba sai an sa masa takunkumi. Duk ukun nan horo ne maganinsu, shi kuma horo yana tafiya ne da ɗan tukwici: abu ƙarami mai ƙamshi da za a miƙa wa kare nan take duk sanda ya yi daidai, sau ashirin ko talatin a wuni. Biskit ɗin karnuka na kanti yawanci daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan. Nama kuwa ba ya zama a aljihu, ba kuma kullum ake da shi ba. Sai aka yanke shawarar a gasa a gida.

Babu oben a gidan. Akwai ƙaramar tukunyar gas, da kurfoti na gawayi, da wata babbar tukunyar girkin biki. Firij na nan, amma wuta ba ta tsayawa, don haka ba ya cikin lissafi. Lokacin kuma watan Agusta ne, tsakiyar damina, kuma wannan ne abin da ba wanda ya yi la'akari da shi.

Gashin farko

An haɗa garin masara giram 400, dafaffen dankalin Hausa giram 400, dakakken ƙuli-ƙuli giram 100, man gyaɗa cokali uku, aka kwaɓa da romon naman gida kamar mililita 150. Masarar an sayo ta ne da gangan a wajen mai sayar da ta ƙasan buhu, wadda ta karye ƙwari suka huda, tun da dai dabba ce za ta ci. Kwaɓin ya ƙi murzuwa, yana ta tsagewa, sai aka mulmula shi da hannu guntu-guntu, tsawon santimita huɗu, kaurin santimita ɗaya da rabi, ya ba da guda 55. Aka gasa a tukunya da wuta mai ƙarfi na minti 20, bayansa ya yi ja har ƙasan ya ɗan ƙone, aka juye cikin leda tun yana da ɗumi, aka ƙulle baki.

Karen ya karɓa hannu bibbiyu, ana ba shi guda shida a rana. A kwana na biyu kashinsa ya saki, ya kuma soma barin tuwon dare. A kwana na huɗu aka buɗe ledar aka tarar da farin gashi-gashi da ɗigon kore a jikin biskit ɗin, yana warin tsami. Guda 37 aka zubar, wato kashi biyu cikin uku na kayan da na gawayin.

Masu gidan sun ɗora laifin a kan dankali. Dankali na da hannu, amma kurakurai huɗu ne suka taru, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Ruwan da ya rage a ciki

Kwaɓin farko nauyinsa giram 1,090 ne, kuma kusan giram 500 a ciki ruwa ne tsagwaronsa. Dankalin Hausa kusan kashi 77 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, shi kaɗai ya kawo sama da giram 300, romo ya ƙara nasa, garin ma yana ɗauke da ɗan nasa. Minti 20 a wuta mai ƙarfi, ga guntu mai kaurin santimita ɗaya da rabi, da wuya ya fitar da abin da ya wuce giram 200. Abin da aka sauke daga wuta ke nan kashi ɗaya cikin uku ɗinsa ruwa ne, daidai da danshin burodi, burodi kuwa kowa ya san kwana nawa yake yi a damina. Busasshen biskit na kamfani ruwansa ba ya wuce kashi 10 cikin 100, shi ya sa yake wata da watanni a kanta.

Wuta mai ƙarfi ita ce ta ƙara dagula lamarin. Zafi mai yawa yana saurin ƙafar da bayan kwaɓi ya yi ɓawo, ɓawon ya riƙe tururin da ke ciki. Ido ya ga ja, hannu ya ji tauri, a ɗauka ya gasu, alhali cikinsa danƙo ne. Da aka ƙulle shi cikin leda da ɗuminsa, tururin ya fito ya rasa hanyar fita, ya zama raɓa a jikin ledar, ya koma ya jiƙa ɓawon. Ɗumi, danshi da sitaci, abin da funfuna ke nema ke nan. Iskar Agusta a Kaduna ita ma cike take da danshi, ko a buɗe aka bar shi ba za ta busar da shi ba. Da a hunturu aka yi wannan kuskure, mai yiwuwa a tsira, a ci gaba da yinsa ba a sani ba.

Zubar da shi duka da aka yi shi ne daidai. Ba a kankare funfuna a ba kare sauran, ba a sake gasa shi, ba a kuma watsa wa kaji ko awaki. Abin da ido ke gani a sama kaɗan ne, zarensa ya riga ya ratsa ciki. Wasu nau'o'in funfunar abinci suna fitar da gubar da ke sa kare karkarwa da amai har da farfaɗiya cikin 'yan awoyi.

Masarar ƙasan buhu

Funfunar da aka gani a leda ta jawo asarar kuɗi. Wadda ba a gani ba, ta cikin masara da ƙuli-ƙuli, ita ce ke iya kashe kare. Akwai wata funfuna mai suna Aspergillus flavus da ke kama masara da gyaɗa tun a gona, musamman in fari ya taɓa shuka ko ƙwari sun huda ƙwaya, ta ci gaba da yaɗuwa in an adana hatsi bai gama bushewa ba. Tana barin guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. Ba ta da ɗanɗano, ba lallai a ji warinta ba, kuma zafin gashi na digiri 180 ba ya kawar da ita, ɗan kaɗan kawai yake ragewa. Matsalar ta yi ƙamari a ƙasar nan har cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, maganin rage wannan guba, don manoman masara da gyaɗa su riƙa watsawa a gona.

Kare na cikin dabbobin da wannan guba ta fi yi wa illa. A Amurka an janye abincin karnuka na kamfani daga kasuwa saboda ita a 2005, aka sake yi a ƙarshen 2020, inda hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu rahoton mutuwar karnuka sama da 100. A Afirka ta Kudu, a 2011, fiye da 200 suka mutu a lardin Gauteng. Iyakar da Amurka ta sa wa abincin dabbobin gida ita ce kashi 20 cikin biliyan ɗaya, abin da babu idon da zai gane. Ƙwayar da ta karye, ta motse, ta sauya launi ko ƙwari suka ci, ita ta fi ɗaukar gubar, kuma ita ce ke taruwa a ƙasan buhu ana sayar da ita da rangwame. Ƙuli-ƙulin kasuwa ma ba a san irin gyaɗar da aka matsa ba.

A nan ba mu da sassauci: hatsin da ba za a tuƙa wa mutanen gida tuwo da shi ba, kada a ba kare. Wanda ya nemi sauƙi ta wannan hanya garin neman gira zai rasa ido. Araha ta gaskiya tana cikin kayan da ba su da tsada don mutane ba su damu da su ba, irin su huhu ko ƙananan dankali, ba waɗanda suka yi araha don sun lalace ba. Dawa da gero ba su kuɓuta gaba ɗaya ba, amma gubar ta fi yawa a masara da gyaɗa, shi ya sa aka koma dawa a gashi na biyu.

Alamun da ake dubawa su ne ƙin cin abinci, kasala, amai, farin ido da dasashi su yi rawaya, wani lokaci kashi da jini. Ban da barin tuwon dare da ƙoshi ya jawo, wannan karen bai nuna ko ɗaya ba, kwana uku kaɗai ya ci. Da ya nuna, asibitin dabbobi ake nufa a ranar, tare da sauran abincin.

Romo da mai

Romon gida akwai albasa, tafarnuwa, ɗunƙule da gishiri. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafuwa ba ta kashe wannan illa, kuma tana taruwa in ana ci kaɗan-kaɗan kullum. Ana fara damuwa ne in kare ya ci albasa kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa, wato giram 100 ga kare mai kilo 20, albasa matsakaiciya guda. Alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja-ja-baƙi, kare na haki. Abin da ya shiga cikin mililita 150 na romo bai kai nan ba, don haka ba shi ya sakar masa ciki ba. Duk da haka babu dalilin saka shi, tun da ruwan da aka dafa hanta zalla yana ba da ƙamshin da ya fi nasa.

Zawon daga mai ne da yawan ci. Ƙuli-ƙuli soyayye ne, galibi da gishiri da barkono, aka kuma ƙara masa man gyaɗa cokali uku. Kowane guntu ya tashi kalori 47. Kare mai kilo 20 yana buƙatar kalori 1,000 zuwa 1,100 a rana, ƙa'idar likitocin dabbobi kuma ita ce tukwici kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na wannan. Guda shida sun haura kashi ɗaya cikin huɗu. Dole ya bar tuwonsa, kare mai ƙoshi kuma ba ya aiki don tukwici.

Tun da ana maganar abin da ba ya shiga: cakulan da duk abin sha mai koko irin su Milo da Bournvita, inabi da zabibi, ɗanyen kwaɓi mai yis, da goro, wanda ke ɗauke da sinadaran nan biyu da ke sa kofi da cakulan su zama guba ga kare. Man gyaɗar shafa wa burodi na waje da aka rubuta ba sukari, a duba ko akwai xylitol, wanda ke zubar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Yaji, kilishi da tsire duk akwai albasa ko tafarnuwa.

Kuskure na huɗu shi ne mafi sauƙi. Masara, dawa da gero ba su da danƙon alkama, shi ya sa kwaɓin ya ƙi murzuwa har aka koma mulmula manyan guntaye. Rashin abin ɗaure kwaɓi ne ya haifi kaurin, kaurin ya haifi danshin.

Gashi na biyu

An ɗauki garin dawa giram 300, daga dawar da gidan ke ci, aka tsince ta aka kai inji. Fulawa giram 200. Dankalin Hausa giram 250, an fere an turara shi a madambaci maimakon a dafa cikin ruwa, don kada ya sha ruwa. Ɗanyar hantar saniya giram 150, wadda ke komawa kamar 100 bayan dafuwa. Ƙwai biyu. Babu gishiri, babu sukari, babu mai, babu abin sa kumburi. Wanda ba shi da sikeli, gwangwanin madara na ruwa yana ɗaukar gari giram 90 zuwa 100 in an share bakinsa, wato gwangwani uku na dawa, biyu na fulawa. Amma ƙaramin sikelin kicin yana biyan kuɗinsa a wannan aiki, za a ga dalili a gaba.

Hantar a yanka ta ƙanana, a tafasa cikin ruwa zalla minti 15 har tsakiyarta ta daina ja, a tsame, a ajiye ruwan. A daka ta a turmi ko a markaɗa, a haɗa da dankalin tun yana da ɗumi a murƙushe su su zama ɗaya. In ya huce a fasa ƙwai, a juya, sannan a riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan. Ruwan hanta cokali biyu zuwa huɗu ya isa, kuma sai in kwaɓin ya nema. Ana son kwaɓi mai tauri, wanda in an danna shi da yatsa ba ya manne, in an naɗe shi ba ya karyewa. Duk ruwan da aka ƙara yanzu sai an ƙona gawayi an fitar da shi anjima. A rufe shi minti 20 garin dawa ya jiƙu, a auna: zai tashi kusan kilo ɗaya. A rubuta nauyin.

A raba uku, a barbaɗa fulawa a faranti, a murza da kwalba har kaurin ya koma milimita biyar. Hanyar samun kauri ɗaya ita ce a ajiye siraran katako biyu masu wannan kauri a gefe da gefe, kwalbar ta riƙa bi ta kansu. A yanka da wuƙa santimita ɗaya da rabi kowane ɓangare, girman cincin. Ba sai an rarrabe su ba, a tsaga layin kawai a gasa a haka, in ya gasu yana ɓallewa da kansa. Kilo ɗaya yana ba da wajen guda 750 zuwa 800.

Tukunyar gashi kuwa, a zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsu biyu a ƙasanta, a ɗora duwatsu uku ko ƙarfen ɗora tukunya, a rufe a bar ta ta yi zafi minti 15. Farantin gashi kada ya taɓa yashin, kada kuma ya taɓa jikin tukunyar. Ana neman zafi matsakaici, digiri 170 zuwa 180. In babu ma'aunin zafi, a barbaɗa fulawa a faranti a sa ciki: in ta yi ruwan zuma mai haske cikin minti biyar, zafin ya yi, in ta yi baƙi-baƙi cikin minti biyu, a rage garwashi. Faranti mai faɗin santimita 30 yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na kwaɓin, don haka zubi uku ne, kowanne minti 20 zuwa 25. A minti na 12 a buɗe a goge raɓar da ta taru a cikin murfi da tsumma mai tsabta, in ba haka ba za ta ɗiga a kai. 'Yan garwashi kaɗan a saman murfin suna sa sama da ƙasa su gasu tare. Gawayi a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa ake hura shi, ba a rufaffen ɗaki ba.

Kayan aikin nan duk na girkin mutane ne, kuma babu abin da kare ya taɓa a cikinsu. Kwanonsa da mazubin biskit ɗin ne kawai ake warewa daban, a riƙa zubo na yini a hannu ko a ƙaramar jaka, ba a kai mazubin gabansa ba.

Busarwa

Wannan mataki ne aka tsallake a karon farko, kuma shi ne ainihin aikin. Bayan zubi na uku, a ɓalle biskit ɗin duka a auna. Zai kasance wajen giram 800. Ya dahu, amma bai bushe ba. Busassun kayan da ke cikin wannan haɗi, in an cire ruwa kaf, giram 570 ne. Don ruwan ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai nauyin gaba ɗaya ya dawo giram 620 zuwa 630. Amfanin sikeli ke nan: yana faɗin abin da ido da hannu ba sa iya faɗi.

A kwashe yawancin garwashin a bar kaɗan da toka ta lulluɓe, ko a mai da gas can ƙasa, zafi ya tsaya wajen digiri 90 zuwa 100. A juye biskit ɗin duka a faranti ɗaya ko biyu, yanzu ba komai in sun hau kan juna. A rufe tukunyar amma a soka muciya a bakin murfin ya ɗan ɗaga, tururi ya samu mafita. A riƙa juyawa duk minti 20. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake ɗauka. A wannan gida, bayan awa ɗaya sikeli ya nuna 690, bayan awa biyu ya nuna 625, aka sauke. Gawayin wannan mataki kaɗan ne, domin ragowar wutar gashi ce ke yin yawancin aikin, yashin ma yana riƙe zafi. Wanda ke da maƙwabcin mai gidan burodi ko mai tanderun gurasa na iya roƙon a sa masa farantin bayan an gama gashin yini, zafin da ya rage ya wadatar. A gaya masa ko mene ne, kada a ɓoye.

In babu sikeli akwai gwaji biyu. A bar guda uku su huce, a karya: su ce ƙaras, cikin ya zama launi ɗaya da wajen, babu duhu-duhu a tsakiya. Mai zafi yana da laushi ko da ya bushe, shi ya sa sai ya huce ake gwadawa. Na biyu, a sa ɗan dintsi a busasshiyar kwalba a rufe, a ajiye a rana awa ɗaya. In gumi ya fito a jikin kwalbar, a mayar wuta.

A baza shi a rariya ko faifai ya huce sarai, aƙalla awa biyu, a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Sannan a raba cikin kwalabe uku masu murfin murɗawa, wankakku busassu. Kwalbar mayonis ta yi. Dalilin rabawa shi ne duk buɗewa ɗaya a damina iska mai danshi ke shiga, gara ta shiga kwalba ɗaya da ake ci a mako. Leda ba ta dace ba, tana gumi kuma ɓera da tururuwa na huda ta. Kwalba ta uku, wadda za ta kai mako na uku, a juye ta a faranti a kwana na 14 a ɗumama minti 15 a wuta kaɗan, matuƙar ba a ga alamar funfuna ba. Rashin mai a haɗin ma yana taimakawa, don mai ne ke sa busasshen abu warin daɗewa.

Rabon yini da lissafin kuɗi

Haɗin gaba ɗaya kalori 2,360 ne a cikin giram 625, kowane guda kusan kalori uku. Kashi 10 cikin 100 na bukatar wannan kare giram 27 ne a rana, guda 30 da 'yan kai. Gashi ɗaya ke nan yana kai kwana 23. Hantar da ke ciki ta tashi giram shida zuwa bakwai a rana, wadda ba ta da matsala. Kada a ninka ta don kare ya fi so. Hanta cike take da bitamin A, yawanta a kai a kai na tsawon lokaci yana taɓa ƙashi da gaɓoɓi, a kusa kuma tana sakar da ciki.

Lissafin kuɗi a haɗa gari gwangwani biyar, dankali biyu matsakaita, ƙwai biyu, hanta, kuɗin niƙa da gawayi, a raba gida 23. Hanta da ƙwai ne suka fi tsada, amma su ne ke sa kare ya bar abin da yake yi ya juyo. Gashin farko kayansa sun fi araha a kasuwa, amma kwana uku ya yi aiki. Ƙanƙantar guntu ita ma tanadi ce: a wajen horo kare na lissafin sau nawa aka ba shi ne, ba girman abin ba, don haka guda 30 ƙanana sun fi shida manya aiki nesa ba kusa ba.

Cikin karen ya daidaita bayan an dakatar da na farkon kwana biyu. Na biyun an fara da guda goma a rana, aka ƙara a hankali cikin kwana huɗu, aka ɗan rage tuwon dare daidai abin da aka ƙara. Horon ana yinsa ne kafin cin abinci, minti biyar sau uku a wuni, a miƙa tukwici cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da yin abin da ake so. Na takunkumi, ana sa biskit a can cikinsa kare ya cusa hancinsa da kansa, kwanaki ana haka kafin a fara ɗaure igiyar, ita ma da farko na 'yan daƙiƙoƙi. Kafin kwalba ta uku ta ƙare yana zuwa in an kira shi, yana tsayawa da takunkumi, aka yi masa allurarsa. Shiga keji ne ya fi jan lokaci, domin a da da duka ake sa shi, sai da aka koma ajiye masa abincinsa a ciki.

Biskit ɗin nan ba abinci ba ne. Karen da tuwo kawai yake ci yana da ƙarancin furotin da sinadarin gina ƙashi, giram 27 na biskit ba zai cike wannan giɓi ba.

In an sauya kayan haɗi

Huhun saniya ya fi hanta araha kuma ba shi da kitse sosai. A dafa shi minti 30, a matse ruwan, a markaɗa, a sa daidai nauyin hantar ko a yi rabi da rabi. Garin busasshen kifi giram 50 na iya maye gurbin hanta, in an daka an tankaɗe ƙayar kuma ba mai gishiri ba ne. Gero na zama a madadin dawa ba tare da sauya komai ba. Fulawa kada ta gaza kashi ɗaya cikin uku na garin, in ba haka ba tsagewar za ta dawo. Kabewa ta fi dankali ruwa, sama da kashi 90 cikin 100, don haka giram 200 ya isa, ba a ƙara ruwan hanta, nauyin da ake nema a ƙarshe kuma ya sauka zuwa wajen giram 580. In ana son gyaɗa, a sayi ƙwaya cikakkiya, a tsince da hannu a zubar da duk wadda ta motse ko ta yi duhu, a soya a niƙa, cokali biyu ya isa. Garin waken suya sai wanda aka soya waken sosai kafin niƙa, ɗanyensa yana hana narkewar abinci.

A hunturu ana iya rage busarwar wuta zuwa minti 40, a ƙarasa a rana wuni ɗaya, a kan rufi ko tebur, a lulluɓe da yadi saboda ƙura, a shigo da shi kafin magariba. Wannan na biskit ɗin da ya riga ya gasu ne. Ɗanyar hanta ko huhu ba a shanya su a rana don kare, ƙuda da ƙwayoyin cuta irin su salmonela na kama su kafin su bushe, kuma yaran da ke miƙa tukwicin da hannunsu su ne farkon kamuwa. Ɗan kwikwiyo da tsohon kare mai ciwon haƙori, a jiƙa musu rabon yini da ruwan ɗumi minti biyar kafin a ba su, abin da ya rage a jiƙe kuma a zubar a ranar.